Galaxy ko Linux, wanne zan fara koya?

Tun da na fara aikin jinom (wato nazarin bayanan DNA na halittu) a nan Jidda, duk ɗalibin halittu da muka haɗu a wajen shayi sai ya tambaye ni wannan, har wani Malam daga Makka ya kira ni a kai jiya da daddare.

Kuɗi dai babu, duka kyauta ne. Galaxy dandalin nazarin bayanan jinom ne, a burauza kake buɗe shi, ka loda fayil ɗinka na FASTQ (ɗanyen bayanan jerin DNA) ka danna FastQC mai duba ingancinsa ka danna Bowtie2 mai jera shi a kan jinom ɗin da aka sani, sabarsu ce ke yin nauyin, ko tsohuwar laptop ɗinka ta isa. Amma sararin da babban shafin Galaxy, usegalaxy.org, ke bayarwa 250GB ne, kuma ana bin layi, wani aikin sai ka kwana ka tashi bai gama ba. Sannan bayanan marasa lafiya fa? Saudiyya tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2023, kar ka kuskura ka tura bayanan jinom ɗin majinyaci sabar Amurka ba izini.

Linux kuwa, tsarin tafiyar da kwamfuta ne irin su Windows amma a wannan aikin rubuta masa umarni ake yi, wallahi watan farko kuka ne, baƙin allo ba hoto, ni kaina da umarnin sharewa na rm guda ɗaya na share aikin sati biyu, babu kwandon shara da zan dawo da shi. Amma in ya zauna a hannu ya zauna, manyan kwamfutoci irin Shaheen ta jami'ar KAUST ta nan Saudiyya da shi ake musu magana, samfuri ɗari sai ka rubuta layi biyar ka tafi sallah.

Mai digiri na biyu da samfuri goma da lokaci ya ƙure masa, Galaxy ya ishe shi. Wanda zai yi digiri na uku ko neman aiki a wannan fanni, ya daure ya kama Linux.