Na biya kuɗin ziyarar tsohon garin Jidda, aka ajiye mu shagon akwatuna

Tun da muka dawo Katsina daga Umara ake tambayata ko a bi kamfanin da na bi. Ba zan kama sunansu ba, waɗanda muka tafi tare sun san su. Biza ta fito a kan lokaci, masaukin Madina ba laifi, na Makka da ɗan nisa amma akwai mota. Abin da ke ci mani rai har yau ranar Jidda ce.

A takardar da suka ba mu an rubuta cewa ranar ƙarshe akwai ziyarar wuraren tarihi na Jidda, kuɗinta daban. Na biya na mutum 2, ni da Inna. Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, magini ne, ginin ƙasa ya yi duk rayuwarshi. Sau ɗaya ya je Hajji, kuma har ya koma ga Allah bai daina labarin gidajen Jidda ba, benaye masu hawa huɗu da biyar da aka gina da dutsen teku, tagoginsu na katako kamar an saƙa su da hannu. Inna ta sha wannan labarin har ta haddace. Tun muna cikin jirgi take ce mani in an je sai ta ga gidajen Malam.

An ce mu shirya ƙarfe 7 na safe. Jagoran bai iso da mota ba sai bayan 10. Muka shiga Jidda rana ta take, ga wani gumi na bakin teku da ke manne wa mutum riga a jiki. Aka bi da mu ta gefen ruwa, ya nuna ta taga ya ce ga Bahar Maliya nan, ko tsayawa ba a yi ba. Daga nan sai wajen Bab Makka, ɗaya daga cikin ƙofofin tsohon garin, ya sa mu gaba har wani shagon akwatuna da barguna da turare. Mai shagon ya tarbe shi da sunanshi, har da shayi. Nan na gane akwai la'ada a ciki.

Na ce mashi, "Malam, ina gidajen tarihin da muka biya?"

Ya ce, "Alhaji, ai nan ɗin ita ce Balad, tsohon garin Jidda. Can ciki tsofaffin kangaye ne kawai, me za ka gani? Ku yi tsarabarku."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Inna ga ciwon gwiwa, na samo mata kujera a shagon, na ce bari in leƙa in gano hanya in dawo in ɗauke ta.

Ban yi tafiyar minti 10 cikin kasuwar Suƙ Alawi ba na fara ganin su. Wallahi mahaifina bai ƙara gishiri ba. Na dafa wani bango da shafensa ya ɓamɓare, sai ga dutsen da ramuka ƙanana, da tambarin ƙwanson halittun ruwa a jikinshi, don daga murjanin gaɓar teku ake sassaƙo shi. Bayan 'yan jeri na dutse sai a shimfiɗa katako a kwance cikin bangon, a ci gaba da gini a kai, don nauyi ya rarrabu. Ɗan magini na ganin wannan zai tuna da azara. Tagogin da suke ce ma rawashin sun turo kai bisa hanya, wasu kore, wasu shuɗi, wasu kalar katakonsu. Iska na shiga, rana ba ta shiga, matan gida na ganin mai wucewa shi ba ya ganin su. Lungunan kuwa matsattsu ne, inuwa ko'ina, kamar kana ratsa Albaba ko Gambarawa da hantsi.

Na tsaya azahar a masallacin Shafi'i. Ina fitowa ina waya da Hausa, wani dattijo ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce Katsina, Baba. Hausarshi ta ɗan karkace amma ana ganewa. A Jidda aka haife shi, kakanninshi da ƙafa suka zo ta Sudan, suka haye ruwa daga Sawakin. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce in biyo shi, da sandarshi, har ƙofar Baiti Nasif.

Gidan ya kai inda ake faɗa. An fara gina shi 1872 aka gama 1881, kuma a cikinshi Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da Jidda ta shiga hannunshi a 1925. Ban samu shiga ba saboda lokacin da muka zo, amma Baba ya kwatanta mani matakalar ciki, mai faɗi, marar tsayi, yadda raƙumi zai iya hawa da kaya har sama. Abin da ya fi taɓa ni icen da ke ƙofar gidan ne. Bedi ne, darbejiyar nan da ke ƙofar kowane gida a Katsina, wadda ko kallo ba ta ishe mu ba. A can saboda ƙarancin itatuwa a da, da ita ake kwatancen gidan, a ce gida mai icce. Na tsinko ganye ɗaya na murza, ɗacin nan namu ne sak.

Baba ya ce tun zamanin Sayyidina Usman, shekara ta 26 bayan Hijira, aka mai da Jidda mashigar Makka ta ruwa, don haka kakanninmu da suka zo ta teku ta nan suka ratsa. Garin yana da ganuwa da ƙofofi, sai aka rushe ganuwar a 1947. Da ya faɗi haka sai da na tuna tamu, yadda aka cinye ta da gine-gine muna gani. Su dai sun farga. A 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya, kuma na ga gidaje da yawa an tokare su ana gyara. Na so in ba Baba wani abu ya ƙi, ya ce in yi mashi addu'a.

A wannan lokacin na riga na yafe ma kamfanin a zuciyata. Na ce ko ba komai su suka kawo ni bakin wurin. Na juyo da sauri in ɗauki Inna.

Na tarar an kwashe su zuwa mota, direba ya kashe inji, ba sanyi, ƙafafunta sun kumbura. Jagora na ta faɗa wai na ɓata masu lokaci. Na roƙe shi minti 20, in samo keken turawa in kai ta ko gida ɗaya ta gani, tunda na san hanya yanzu. Ya ce jirgi ba ya jiran kowa. Muka je filin jirgi muka yi zaman awa 6 kafin a fara kiran fasinja.

A wurin zaman ne Inna ta ce, "Ka gan su?" Na miƙa mata waya. Ta daɗe a kan hoton wata taga kore, tana buɗa shi da yatsu tana matso da shi kusa da ido. Ta ce, "Haka ya ce suke." Ba ta ƙara magana ba har muka shiga jirgi.

Wanda ke son ganin Balad kada ya biya kowa kuɗin ziyara. Jirgin ƙasa na Haramain na zuwa Jidda daga Makka, daga tasha ka ɗauki tasi. Ka je bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi aka buɗe wurare, in da tsoho ka tafi da keke.

Na je ofishin kamfanin sati ɗaya da dawowarmu. Manajan ya ce in yi haƙuri, ni kaɗai na kawo ƙorafi, sauran sun ji daɗin tsaraba. Na ce na bar mashi nawa, tunda ni na ga abin da na gani, amma ya maido na Inna, don ita shagon akwatuna kawai ta gani. Ya ce zai yi magana da na sama. Yau sati 3 ke nan, kuma ranar Litinin zan sake komawa da rasiɗin.