Tsohuwar EliteBook ko MacBook Air: wacce ta fi dacewa da matafiyi?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya. Yana yawan zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja, kuma aikinsa bai wuce imel, Word, Excel da taron Zoom ba. An nuna masa kwamfutar tafi-da-gidanka HP EliteBook 840 G3 ta hannu da araha, ga kuma MacBook Air M1 wadda sai ya ƙara kuɗi masu kauri. Wacce zai ɗauka?

Malam, ayyukan da ka lissafa duk biyun za su yi su ba tare da wahala ba. Inda suka rabu shi ne batir da caja.

EliteBook G3 ta fito ne a 2016, nauyinta kusan kilo 1.5. Air M1 ta fito a ƙarshen 2020, nauyinta kilo 1.29. Wannan tazarar ba za ta dami kafaɗarka ba. Amma G3 sai da cajarta mai zagayen baki da doguwar waya, ranar da ka manta ta a gida aiki ya tsaya. Air kuwa da USB-C take caji, kan caja ɗaya mai ƙarfi ya isa ita da wayarka. Kamfanin Apple ya ce sabuwarta tana iya kai awa 18. Ta hannu ba za ta kai haka ba, amma mai lafiya tana fitar da kai wuni. Batirin G3, in ba a taɓa canza shi ba, ya tsufa tukuf, kuma wanda za a sa maka a kasuwa sau da yawa ba na asali ba ne. Ga mutumin da zai sauka masauki ya tarar an ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan Air ba ta da fanka, don haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu.

Akwai kuma batun Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana neman firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ta Intel zubi na 8 zuwa sama. Firosesar G3 zubi na 6 ce. Masu gyara za su ce maka "ai muna ɗora mata", gaskiya ne suna ɗorawa ta bayan gida, sai dai babu tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawar tsaro.

Tsohuwar ma tana da nata alherin. Ana buɗe ta a ƙara RAM (ƙwaƙwalwar aiki), a canza SSD (ma'ajiyar bayanai), kuma daga Farm Centre a Kano har Banex a Abuja ba za ka rasa mai gyaranta ba. Tana da ramukan USB na da, da na majigi, da na wayar intanet. Air ramuka biyu kawai gare ta ban da na abin sauraro, RAM da ma'ajiyarta a manne suke, yadda ka saye ta haka za ku rabu. Idan gilashinta ya fashe a cikin mota, kuɗin gyaran sai ka riƙe baki.

In aljihunka zai ɗauka, ni Air zan ce maka. Amma kada ka biya sai mai sayarwa ya cire asusunsa na iCloud a gabanka, ka shiga da naka. In kuma kuɗin bai kai ba, bar G3 ɗin, ka nemi ta 2018 zuwa sama: EliteBook 840 G5, ko Lenovo ThinkPad X1 Carbon Gen 6 (lambar samfurin ce, ba zubin Intel ba), wadda nauyinta kilo 1.13 ne, ta ma fi Air sauƙin ɗauka. Duka biyun suna caji da USB-C, suna kuma karɓar Windows 11 in firosesarsu Intel zubi na 8 ce, don haka ka duba. Kafin ka miƙa kuɗi, sa a buɗe Command Prompt (tagar rubuta umarni a Windows) a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batirin lokacin da yake sabo da abin da ya rage masa yanzu. In ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin 100, a rage maka kuɗin sabon batir a cikin cinikin.