Injin lankwasa na hannu kirar gida, abinda na gani bayan wata goma sha hudu

Abokan sana'a da dama sun dade suna tambayata akan injin lankwasa fallen karfe da nasa aka kera min, wai yana biyan kudinsa ko asara ce kawai, wasu har shago suke zuwa su tsaya suna kallo, toh yau dai nace bari in zauna in fadi abinda na gani da idona tunda yanzu wata goma sha hudu kenan ina aiki dashi kusan kullum. Ni aikina walda ne anan Kano, kofofi da tagogi da firam, akwatin mita, indararo, mazubin abincin kaji, sai kuma akwatin karfe na 'yan makarantar kwana idan lokacin komawa yazo.

Kafin injin nan hanya biyu ce dani. Ko dai in matse falle tsakanin angil biyu da kilam in bi shi da guduma daga wannan karshen zuwa wancan, wanda duk mai sana'ar nan yasan yanda yake fitowa, layin baya taba mikewa, ko'ina tabon guduma, sai ka cika shi da fila kafin fenti kuma duk da haka idan rana ta haska kofar mai ita zai gani. Ko kuma in dora fallayen a kurkura in kai wajen masu babban inji mai aiki da wuta, a biya kudin kowane lankwashi daya daya, a biya kudin kai da kawowa, kuma in kaje ka tarar babu wuta shikenan ka zauna jira. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kudin dako da na janareto suka zama wani abu daban, wannan ne ma ya tura ni na fara tunanin mallakar nawa wanda baya shan fetur baya jiran NEPA.

Wani dattijo ne ya kera min, tsohon hannu ne a harkar, ba zan ambaci sunansa ba, Baba kawai nake kiransa. Kudin ma ba zan fada ba saboda farashin karfe a kasuwar Kofar Ruwa na jiya ba shine na yau ba, in na fada zan rikita mutum ne kawai. Abinda zan ce shine bai kai ko kusa da kudin na waje ba.

Ga wanda bai taba tsayawa ya kalle shi da kyau ba, abu uku ne injin gaba daya. Akwai gado wanda falle yake kwanciya a kai, akwai madanni a sama mai danne fallen daidai kan layin da ka zana, sai na gaba mai hannaye biyu wanda ake dagawa ya nado karfen sama. Nawa tsawonsa kafa takwas da 'yan inci, saboda cikakken falle kafa hudu ne a kafa takwas, wato milimita 1220 a 2440, kuma ina so in rika lankwasa tsawon kofa a tashi daya ba tare da jona ba. Gadon da chanel mai kauri akayi shi, madannin angil ne babba da aka kifa aka gyara bakinsa da giranda.

Ranar da aka kawo shi wallahi dadi kaman me, na dauko guntun falle mai kaurin milimita 1.2 wanda bai wuce kafa biyu ba na gwada, ya fito tsaf, na dora sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, ta zauna daram babu ko hasken da ke wucewa. Na cika wa Baba ragowar kudinsa a take. Kuskurena kenan na farko kuma shine babban abinda nake so mai karanta wannan ya rike, domin guntun falle baya nuna maka komai game da inji. Bayan kwana biyu da aikin kofa ya shigo muka saka cikakken tsawo, ni a hannu daya yarona a daya hannun muka daga, da muka zare sai naga bakin nan biyu sun kai digiri 90 amma tsakiya ta bude, in ka tsaya a karshe ka hango layin sai kaga ya yi ciki kaman kwale-kwale. Na sa sukwaya a tsakiya, dan yatsana karami yana shiga tsakaninta da karfen. Raina ya baci sosai ranar, falle guda ya tafi kuma ga mai kofa yana jira.

Dalilin ba boyayye bane da na zauna na duba. Karfen dagawar a gefe biyu kawai yake rike, hannayen ma a gefe suke, toh duk karfin da muke sawa a baki yake karewa, tsakiya kuma fallen yana tura ta baya tana lankwashewa ita ma maimakon ta lankwasa shi. Madannin shima haka, tsakiyarsa tana dan dagawa fallen ya zame. Kuma yawan tsawon inji yawan wannan matsalar, shi yasa zaka ga mai kafa hudu yana aiki lafiya kalau da karfen da in ka yi mai kafa takwas dashi zai baka kunya.

Na kira shi nace Baba don Allah kazo ka gani da idonka, kuma gaskiya anan ya burge ni, bai yi musu ba bai ce laifin hannuna bane, washegari da safe sai gashi da rodi mai kauri. Ya walda shi daga wannan karshen zuwa wancan a bayan karfen dagawar, ya daga tsakiyarsa akan wani guntun karfe mai zare da noti, ya zama kaman gada, in ka daure notin sai ya tura tsakiyar gaba kadan tun kafin a fara aiki, yanda idan nauyi ya hau sai ta dawo daidai. Yayi wa madannin irin haka. Mun bata wajen awa uku muna daurewa muna gwadawa da ragowar fallaye, yana ce min yaro kar ka yi gaggawa, rabin juyi rabin juyi, har layin ya mike. Ko sisi bai karba ba sai kudin rodin. Daga ranar injin ya zama wani abu daban, kuma na gane cewa in kaga injin lankwasa mai tsawo babu wannan gadar a bayansa toh ba'a gama kera shi ba.

Abu na biyu da yake raba inji mai kyau da na banza shine hinjin gefe. Tsakiyar fin din da yake juyawa dole ta zo daidai da layin da gado da karfen dagawa suka hadu, in ta sauka ko ta hau ko da kadan ne sai kaga yana jan fallen ko yana murje shi, ko kuma lankwashin yayi fadi a gefe daya. Anan Baba ya iya aikinsa, shaf na mota ya yanka ya kai aka gyara a les, wato injin sassaka karfe, aka saka bush, wato zoben da fin din yake juyawa a ciki, har yau babu girgiza. Na ga na wani abokina da aka yi masa da bol kawai a cikin rami, wata shida ramin ya zama kwai, yanzu kowane lankwashi da kalar da yake fitowa.

Maganar kauri kuma kada wani ya yaudare ku. An ce min zai ci har 2, eh zai ci amma guntu. A cikakken tsawo 0.8 da 1 mutum daya ma yana iyawa in ya tsaya da kyau, 1.2 wato geji 18 mutum biyu cikin sauki, 1.5 geji 16 sai da nishi kuma nan ne iyakarsa a wajena. Mutane suna dauka falle mai kauri 2 karfin da yake bukata ninki biyu ne na mai kauri 1, ba haka bane, kusan ninki hudu ne, saboda kaurin ana ninka shi ne da kansa. Duk abinda ya wuce 1.5 a tsawon kofa har yanzu wajen masu babban inji nake kaiwa kuma bana jin komai akan hakan. Sitenles ma yafi bakin karfe taurin kai sosai, mai kauri 1 sai kaji kaman kana fama da wanda ya fishi nesa.

Akwai abubuwan da injin ya koya min wadanda lokacin guduma ban damu dasu ba. Karfe in ka kai shi 90 ka saki sai ya dan dawo baya, dole ka wuce kadan, kuma kowane falle da nasa halin, shi yasa nake fara gwadawa da guntu daga cikin fallen da zanyi aikin dashi. Sannan madanni ba'a kawo shi har baki, sai ka ja shi baya kimanin kaurin fallen, in ba haka ba ka shake karfen, hannu yayi nauyi, galbanaiz kuma fatarsa ta tsage akan layin, nan ne tsatsa zata fara ci da damina, kuma indararo ne fa ko mazubin kaji da kullum yake cikin ruwa. Ga kuma awo, in da ma'aunin waje kake aiki kowane lankwashi sai ka rage kusan ninki biyu na kaurin daga tsawon da zaka yanka, firam mai lankwashi hudu a falle 1.2 in baka rage ba zaka ga ya kara maka wajen milimita takwas ko tara, kofa taki shiga.

Inda har yanzu yake bani haushi shine akwati. Madannina guda daya ne dogo, toh gefe biyu na akwati suna tashi lafiya, in kazo na uku da na hudu sai wadanda ka riga ka tayar su tokare da madannin. Na waje da ake yi domin akwati madanninsu gunduwa gunduwa ne kaman hakora, ka cire wanda baka so ka jera daidai fadin aikinka. Ban san in nemi haka ba lokacin da nake bada aikin, shi kuma bai tambaye ni irin aikin da nafi yi ba, wannan kam ina ganin ya kamata ace ya tambaya. Dabarar da nake yi yanzu na yanka guntayen karfe mai kusurwa hudu tsawo daban daban ina sakawa karkashin madannin, yana yi amma yana cin lokaci kuma akwati mai zurfi baya yiwuwa. Daurin madannin ma da noti biyu ne, kowane lankwashi sai ka kwance ka daure da sifana, ranar da kake da mazubin kaji hamsin hannunka zai gaya maka, da irin mai hannu ne da ake dannawa sau daya ya kulle da aikin ya ninka sauri.

Sai nauyi. Karfen dagawar da gadar da aka kara masa yayi nauyi sosai, ranar nan ya subuce wa yarona ya sauko da karfi ya wuce ta gaban gwiwarsa da kadan, Allah ne ya kiyaye, jikina har rawa yake saboda dan mutane ne amana aka bani. A satin na walda bututu a kowane gefe ta baya na rataya tsohon diram din birki na babbar mota, yanzu nauyin yana taimakawa wajen dagawa kuma baya fadowa da kansa. Kafafun ma sai da na kafe su a siminti domin in ana lankwasa 1.5 injin gaba daya yake son tashi. Safar hannu kuma dole ce a shagona, bakin sabon falle reza ne.

Kulawa bata da yawa, giris a hinji, amma da hunturu sai kana goge tsohon kafin ka sa sabo saboda kura tana hadewa dashi ta rika cin bush din, da damina kuma a shafe bakin da bakin mai. Kuma don Allah a hana yara saka rodi ko filat ba, wato sandar karfe mai fadi, a ciki, sau daya aka yi min haka bana nan, ya lotsa bakin madannin, duk fallen da ya shiga sai ya fito da tabo a wajen har sai da na cike da walda na bi da giranda da magagari a hankali.

In ka tambaye ni ko zan sake saya, eh zan sake, ya dade da mayar da kudinsa, har makwabta masu walda suna kawo nasu ina lankwasa musu suna biya, kofofina kuma yanzu layinsu a mike yake babu fila. Amma da yau ne zan bada aikin, mai hakora zan ce ayi min, da madanni mai hannu, da gada gaba da baya tun farko, kuma zan je da cikakken falle mai kauri 1.2 daga shagona a lankwasa a gabana in dora sukwaya a baki da tsakiya kafin in cika kudi. Yanzu haka ma ina tara kudin karami mai kafa hudu saboda aikin akwati, kuma wajen Baba zan koma.