Zuwa Palenque: motar kamfani, motar haya, ko kwana a ƙauyen?

Duk wanda ya shiga tsohon garin Kartahena a ƙasar Kolombiya zai ga matan nan masu riguna kala-kala, ɗauke da kwanon 'ya'yan itatuwa a ka, baƙi na rububin ɗaukar hoto da su. Ana ce musu palenqueras, don asalinsu 'yan San Basilio de Palenque ne, wani ƙauye mai nisan kusan kilomita 50 kudu maso gabashin birnin. Yawancin baƙi hoton nan kawai suke komawa gida da shi. Mai son ganin inda matan suka fito kuwa sai ya zaɓi yadda zai je, kuma hanyoyin sun bambanta a kuɗi da kuma abin da mutum zai gani.

Kafin a zo kan ciniki, ga abin da ake biya a gani. Bayin da suka tsere daga Kartahena ne suka kafa garin, kuma jagoransu da ake tunawa shi ne Benkos Biohó, wanda aka kamo daga yankin Gini-Bisau, Turawan Sifaniya suka kashe shi a 1621. A 1691 sarkin Sifaniya ya amince da 'yancin mutanen, shekara 160 kafin Kolombiya ta yi dokar soke bauta a 1851. Yau mutum kusan 3,500 ke zaune a can, da harshensu na kansu, Palenquero, wanda yawancin kalmominsa na Sifaniyanci ne amma da tasirin Kikongo na yankin Kongo da Angola. Hukumar UNESCO ta ayyana al'adun garin cikin kayan gadon duniya a 2005.

Zaɓi mafi sauƙi shi ne motar kamfanin yawon buɗe ido. A ɗauke ka daga masauki da safe, tafiyar awa ɗaya da rabi ko makamancin haka, a dawo da kai da la'asar. Za a tsaya a dandalin gari inda mutum-mutumin Benkos yake miƙe da hannu da tsinkakkiyar sarƙa, a kai ka wajen na Kid Pambelé, ɗan garin da ya zama zakaran damben duniya a 1972, a buga maka ganga, a ci abinci. Ga wanda bai iya Sifaniyanci ba, ko yake tare da iyali, wannan ba laifi. Aibinsa biyu ne. Zagayen yakan kai tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa zuwa inuwa, kuma kaso mai tsoka na kuɗin a Kartahena yake tsayawa. Don haka kafin ka biya, tambayi ko ɗan rakiyar da zai zaga da kai haifaffen Palenque ne, da kuma ko a gidan 'yan gari za a ci abincin. In aka fara kame-kame wajen amsa, nemi wani kamfanin.

Na biyu, ka kai kanka. Daga babbar tashar Kartahena akwai motocin haya da ke bi ta mararrabar Palenque, daga nan sai ɗan acaɓa ya ƙarasa da kai. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na kamfani, kuma abin da ka ba ɗan rakiya a dandali aljihunsa yake shiga kai tsaye. Sai dai tashar tana can gefen birni, ana ɓata lokaci, kuma ba wanda zai yi maka tafinta. Kada kuma arha ta sa ka ce za ka zaga kai kaɗai. Palenque ba gidan tarihi ba ne, gidajen mutane ne. Ba da ɗan gari ba, titi da rana kawai za ka gani.

Ni dai da za a bi tawa, kwana ya fi. Masaukan ƙauyen ba otal ba ne, ɗaki ne da fanka a gidan mutane, amma abin da ya sa garin ya yi suna ba ya fitowa sai motocin baƙi sun tafi. Da yamma ne ake jin tsofaffi na hira da Palenquero, matasa na gwajin kiɗa, mata na haɗa alewar kwakwa da za a kai birni. A nan ne mutum zai fahimci kuagro, ƙungiyar sa'o'i da ake shiga tun yarinta, 'yan cikinta su tsaya wa juna a biki da rashin lafiya da mutuwa har ƙarshen rai. Akwai kuma lumbalú, waƙoƙi da kiɗan makoki da ake yi cikin kwana tara bayan rasuwa. Wannan ba a saye. In zuwanka ya dace da rasuwa, ajiye waya a aljihu, ka bi abin da mai masaukinka ya ce.

Mai neman kiɗa zalla ya nufi watan Oktoba, lokacin bikin ganguna na shekara-shekara. Garin kan cika maƙil, ɗaki kan yi wuya, kuma rayuwar yau da kullum takan ɓace cikin hayaniya.

Wanda rabin yini kawai gare shi yana da La Boquilla, ƙauyen masunta baƙaƙen fata da ke arewacin Kartahena, gaba kaɗan da filin jirgin sama. Ana koyar da ganga, ana shiga kwalekwale cikin dajin bakin teku, a ci soyayyen kifi. Yana da daɗi, ga kusa, amma ba ya maye gurbin Palenque. Babu harshen can, babu wancan tarihin.

Ga musulmi, maganar abinci ba ta da wuya: kifi da shinkafar kwakwa da rogo da soyayyen filanten suna ko'ina a yankin. Miyar da suke kira sancocho ce ake tambaya a kanta, don wani lokaci da naman alade ake yin ta, kuma ñeque da za a iya miƙo maka don karramawa giyar rake ce. Riƙe tsabar kuɗi ƙanana, na makaɗa da na matar da ka nemi izinin ɗaukar hotonta.