Kafin makaranta ta kashe kuɗi a kan manhajar AR

Malamin da ya taɓa ganin ɗalibi ya ɗaga waya, sai ga zuciyar mutum tana bugawa a kan tebur kamar a miƙa hannu a taɓa, da wuya ya ƙi sha'awar kawo wannan fasaha ajinsa. Ita ake kira AR: kyamara ta ɗauko abin da ke gaban mutum, manhaja ta ɗora masa siffa mai tsawo da faɗi da kauri. Wasu manhajojin na kallo ne kawai, wasu kuma yaro ne ke gina abin da hannunsa, kuma waɗannan na biyun ne suka cancanci kuɗin makaranta.

Wadda na fi amincewa da ita ita ce CoSpaces Edu ta wani kamfanin Jamus da ke birnin Munich, wadda yanzu ake kira Delightex. A kwamfuta ake yin ginin ta intanet, sannan a ɗauki waya a duba aikin a tsakiyar aji. Malami zai buɗe aji, ya ba yara lambar shiga, ya riƙa bin aikin kowa daga inda yake zaune. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tubalan umarni da suke kira CoBlocks, masu kama da na Scratch, manhajar koya wa yara shirya umarnin kwamfuta, waɗanda yaro ke jerawa don ya sa abu ya motsa ko ya yi magana, wanda ya ƙware kuma ya wuce zuwa yaren shirya manhaja na Python. Wata ɗalibata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta gina yadda tururi ke tashi daga kogi ya zama girgije, ta ɗauki muryarta da Hausa tana bayani, da ta danna girgijen ruwa ya sauko a kan bencin da ƙawayenta ke zaune, sai ajin ya yi tsit. Aibin manhajar biyu ne: ba ta yi sai da intanet, kuma tsarinta na kyauta yana da iyaka, cikakken kuwa duk shekara ake biya da kuɗin waje.

A cikin sauran manhajojin, Reality Composer sai na'urorin Apple, don haka ba tamu ba ce. Quiver ta yaran firamare ce masu shafa launi a takarda. Assemblr EDU ta ƙasar Indonesiya tana da sauƙin koyo, amma a ganina ba ta kai ta farkon zurfi ba. Merge Cube kuwa ɗan dunƙulen soso ne da yaro ke juyawa a tafin hannu, kuma kamfanin yana ba da samfurinsa na takarda a buga a naɗe, don haka a gwada na takardar tukuna.

A kuma yi la'akari da daɗewar manhaja. An rufe HP Reveal a 2020, Google Expeditions a Yunin 2021, Meta Spark a Janairun 2025, duk da girman kamfanoninsu. Hotuna da muryoyin da yara suka haɗa, a ajiye su daban a kwamfutar makaranta.

Inda aka fi cutar makarantu shi ne wajen sayen na'ura, kuma ni ganau ne. Wani dillali ya kawo mana tabulet a kwali mai ƙyalli, ya rantse cewa duk suna yin AR, ya nuna mana gwaji a wayarsa ta hannu, muka biya. Ranar darasin farko na raba su, yara sun zagaye tebura, kowace na'ura ta fito da saƙon cewa ba ta iya wannan aikin. Ashe yawancin waɗannan manhajoji a Android sun dogara ne da ARCore, tsarin AR na Google, wanda ke buƙatar Android 7.0 zuwa sama, kuma sai na'urar tana cikin jerin waɗanda Google ta tantance. Masu araha da ke kan Android Go, wato Android ɗin da aka rage wa nauyi, galibi ba sa ciki, komai yawan kyamarorin da aka jera a bayansu. Kada a yarda da gwaji a wayar dillali. A buɗe kwalin da za a saya, a shiga Play Store a gabansa, a sauke Google Play Services for AR, wato manhajar ARCore ɗin, a ga siffa ta tsaya daram a ƙasa ba ta zamewa.

Haka ma masu sayar da lasisi a rabin farashi ta WhatsApp: sau da yawa asusu ɗaya ne ake sayar wa makarantu da dama, ranar da aka toshe shi aikin yara ya tafi. Manhajar da aka turo a waya ana cewa an buɗe ta kyauta, kada a saka ta a na'urar da ke ɗauke da sunayen yara da muryoyinsu. A biya kamfani kai tsaye da imel ɗin makaranta, a karɓi rasit mai nuna yawan ɗaliban da aka biya wa da ranar da lasisin zai ƙare.