Kifin bakin ruwa a Legas: Biktoriya Ailan ko Apapa?

In baƙo ya zo maka daga Kano ya ce lallai sai ya ci kifi a bakin ruwa, hanya biyu ke gabanka.

Gidajen abincin titin Ozumba Mbadiwe a Biktoriya Ailan suna kallon ruwan da ya raba tsibirin da Ikoyi. Ka je bayan magariba, iska na kaɗawa, ƙananan jiragen ruwa na giftawa, daga wasu wuraren har kana hango fitilun gadar Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013. Za a kawo kifi guda a faranti, an yi masa ado da yankan lemon tsami. Daɗi kam akwai, sai dai takardar biyan kuɗin: a ɗora harajin kashi 7.5 na tarayya, a ƙara kashi 5 na jihar Legas, wasu su sa ladan hidima. Kuma yawancinsu suna sayar da giya, don haka in Alhaji ne baƙon, nemi teburin gefe tun da wuri.

Apapa kuwa unguwar tashar jiragen ruwa ce, ba ruwanta da ƙawa. A wajen kasuwar kifi ta Libaful za ka zauna kan benci, hayaƙin gawayi na shiga ido, direbobin tirela 'yan Arewa na hira a gefenka. Kai ne za ka nuna kifin da kake so, ku yi ciniki, mai gashi ta barbaɗa yaji. Cunkoson manyan motoci ne matsalar, gara ka hau jirgin ruwa daga unguwar Marina da ke Tsibirin Legas.

Suruki dai Biktoriya Ailan zan kai shi. Abokin ƙuruciya kuwa, Apapa muka nufa.