SLIME da SBCL: kayan aiki ne mai kyau, amma sai ka taɓa saitinsa

Abin da ya fi burge ni a SLIME, kayan rubuta shirin Common Lisp a cikin editan Emacs, idan an haɗa shi da SBCL, mai harhaɗa wannan harshe, shi ne shiri ba ya mutuwa don ya ci karo da kuskure. Tsayawa yake yi cak, tagar SLDB, sashen binciken kuskure na SLIME, ta buɗe a cikin Emacs da saƙon kuskuren, da hanyoyin ci gaba masu lamba daga 0, da jerin kiraye-kirayen da suka kawo ka wurin. Sai ka gyara aikin (function) da ya jawo matsalar, ka harhaɗa shi da maɓallan C-c C-c, ka koma kan matakinsa a jerin ka danna r. Zai sake gudana da sabon rubutun, bayanan da ke ƙwaƙwalwa suna nan daram. Wanda ya saba da pdb.pm na Python ya san can binciken gawa ake yi, bayan shirin ya mutu. Nan kuwa majinyacin yana numfashi.

Sai dai yadda yake zuwa daga akwati, rabin wannan daɗin ba ya samuwa. SBCL yana harhaɗa rubutu a matsayin debug 1. Ka danna t don ganin ƙimomin cikin mataki, ka tarar wasu sun ɓace, domin mai harhaɗawa ya share su don sauri. Kiran da ya zo a ƙarshen aiki ma yakan haɗiye matakin wanda ya kira shi, har ka rasa ta ina aka biyo. Maganin layi ɗaya ne a cikin ~/.sbclrc:

`(sb-ext:restrict-compiler-policy 'debug 3)`

Ga inda mutane ke faɗawa: layin ba ya taɓa abin da aka riga aka harhaɗa. Tsofaffin fayilolin fasl, wato harhaɗaɗɗen rubutun, suna ~/.cache/common-lisp, don haka ko ka goge su, ko ka sake lodawa da asdf:load-system tare da :force t. Idan aiki guda kawai kake bi, C-u C-c C-c, wanda ke harhaɗa shi kaɗai a matsayin debug 3, ya wadatar. Kuma akwai farashi. Shirin zai yi nauyi, sannan aikin da ke kiran kansa dubban sau, wanda da yake wucewa lafiya, yana iya cika rumbun kira, wanda girmansa na asali megabait 2 ne. Ana faɗaɗa shi da --control-stack-size.

Wata matsalar kuma daga rubutunka take, ba laifin SLIME ba ne. handler-case yana warware jerin kira kafin ya kula da kuskure, saboda haka duk shaidar ta tafi. handler-bind yana aiki a daidai inda abin ya faru, hanyoyin ci gaba suna raye. Idan wani laburare yana haɗiye kurakurai da ignore-errors, sa *break-on-signals* ya zama 'error, zai tsaya tun kafin a haɗiye. Amma ka mayar da shi nil da ka gama, in ba haka ba kowane ɗan kuskuren da laburare ke magancewa da kansa sai ya tsayar da kai. A Hunchentoot, sabar yanar gizo ta Lisp, kuma sai ka mayar da *catch-errors-p* nil, in ba haka ba shafin kuskure na 500 kawai za ka gani.

Shiga sabar da ke kan aiki yana da sauƙi: swank:create-server a cikin shirin, a tashar 4005 da :dont-close t, sai slime-connect daga Emacs. Kada ka buɗe tashar ga intanet, don wanda ya shiga ya samu ikon gudanar da komai. Bi ta ssh -L 4005:localhost:4005.

Inda bai gamsar da ni ba shi ne bin shiri taki-taki da maɓallin s. Yana tsalle-tsalle, musamman a cikin macro, har na fi ganin amfanin trace da break a kansa. Ga wanda bai iya Emacs ba ma, koyon maɓallan kaɗai aiki ne na kansa kafin a zo kan Lisp.